Ruwan Majiya da Kuɗin Raya Ƙasa: Tarihin Hulɗar Hukumomi tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato

Manufar wannan maƙala ita ce bibiyar tarihin haɗin gwiwar hukumomin Nijar da na Nijeriya wajen tafiyar da ayyukan raya ƙasa a yankin da ya haɗa gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, a jihar Tawa. Sai mai karatu ya lura tun da farko cewa Illela biyu ce: akwai ta Nijar, wadda ƙaramar hukumar Tajaye take cikinta, akwai kuma ta jihar Sakkwato, wadda take fuskantar Ƙonni a bakin iyaka. Abin da za mu nuna shi ne, tun 1971 akwai tsarin shawara tsakanin ƙasashen biyu, amma kuɗin aikin bai bi wannan tsari ba. Kowane kuɗi yakan shigo ta babban birni, ya tsaya a iyaka, alhali ruwan da ake kashe kuɗin dominsa wucewa yake yi.

Iyakar kanta ba a shata ta a zama ɗaya ba. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta sa Ƙonni a ɓangaren Ingila. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ragargaza birnin ba a watan Mayu na 1899. Sai a yarjejeniyar 1904 da ta 1906 aka matsar da layin kudu, domin Faransa ta sami hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Wannan layi ya raba kwarin Majiya biyu. Kwarin yana tasowa daga duwatsun Adar, ya bi ta ƙasar Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo da ke ƙasar Illelar Sakkwato. Kansa yana Nijar, wutsiyarsa tana Nijeriya.

A 1971, bayan yaƙin basasar Nijeriya wanda Diori Hamani ya goyi bayan gwamnatin Gowon a cikinsa, ƙasashen biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Nijeriya, mai mazauni a Yamai. Hukuma ce ta shugabanni da ministoci da ƙwararru. Ba a tanadi kujerar Ƙonni ko ta Illela a cikinta ba, kuma a lokacin ba wanda zai ga abin mamaki a haka, tun da mai mulkin gunduma a Nijar naɗaɗɗe ne daga Yamai.

Bayan farin farkon shekarun 1970 kowace ƙasa ta duƙufa ga noman rani, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Nijeriya ta kafa hukumar raya kogin Sakkwato da Rima a 1973, da kuɗin man fetur. Nijar kuwa ta nemi kuɗi a waje, ta gina gandun noman rani na Ƙonni tsakanin 1976 da 1982, mai faɗin fiye da hekta 2,400, wanda yake shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, ta hanyar matarar Cerasa. An damƙa kula da shi ga ofishin ONAHA da aka kafa a 1978. Ga manomin Ƙonni wannan alheri ne: gero da dawa da damina, albasa da alkama da rani. A can ƙasa kuwa ruwan Kalmalo ya yi ta ja baya, masunta da masu lambu suka rasa sana'a, kuma mutanen wurin suna ɗora laifin a kan madatsun. Gaskiya ne fari ma yana da nasa kaso, musamman na 1984. Sai dai masu ba da kuɗin sun auna ribar aikin ne a cikin iyakar Nijar kawai, domin da gwamnatin Nijar suka ƙulla, ita ce kuma za ta biya.

Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ita ce ta fara fuskantar matsalar gadan-gadan. Ta ambaci kwaruruka huɗu da ƙasashen suke tarayya a kansu: Majiya-Lamido, Gada-Gulbin Maraɗi, Tagwai-El Fadama da Komadugu Yobe. Ta amince da rabon ruwa bisa adalci, ta kuma wajabta wa kowace ƙasa sanar da ƴar'uwarta ta hannun Hukumar Haɗin Gwiwa kafin ta fara aikin da zai taɓa ruwan. An yi mata gyara a Sakkwato a 1998. A ganinmu rubutun yarjejeniyar ba shi da aibu. Aibunta shi ne lokacinta, domin ta zo bayan an gama madatsun, kuma ba ta zo da asusu nata ba. Aikin kula da muhallin waɗannan kwaruruka da asusun muhalli na duniya ya tallafa wa daga tsakiyar shekarun 2000 yana cikin ƴan ayyukan da kuɗinsu ya bi ta hannun Hukumar don amfanin ɓangarorin biyu tare.

Hukumomin yanki sun shigo fage a makare. Sai a 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a Nijar, har da ta Tajaye; majalisun jihohi sai 2011, shekarar da aka cire Malbaza daga Ƙonni ta zama gunduma. Ko da suka zo, ba su sami takwarorin da suka dace da su ba. Gwamnan Sakkwato zaɓaɓɓe ne mai kasafin kuɗi mai kauri, amma tsarin mulkin Nijeriya ya keɓe hulɗa da waje ga gwamnatin tarayya. Magajin garin Ƙonni a lokacin yana kusa da manomi, amma aljihunsa ba komai sai ɗan harajin kasuwa. Shi ya sa yawancin ganawarsu ta tsaya ga satar shanu, rikicin makiyaya da matsalar ƴan kwastan, abubuwan da sarakunan gargajiya suka daɗe suna sasantawa ba tare da takarda ba. Shirin Kano-Katsina-Maraɗi da aka tsara bayan yunwar 2005 ya nuna ana iya zaunar da gwamnoni da ƴan kasuwa wuri ɗaya, amma hanyar Ƙonni zuwa Sakkwato ba ta cikin sunansa.

Misali na baya-bayan nan ya maimaita tsohon salo. A 2016 Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka kan tallafin dala miliyan 437, wanda gyaran gandun Ƙonni yake cikin manyan ayyukansa, domin magudanan sun tsufa kuma laka ta rage ruwan madatsun. An kafa ma'aikata ta musamman a Yamai don riƙe kuɗin. Wannan tsari yana sauƙaƙa binciken lissafi, amma iyakar ƙasa ita ce iyakar aikinsa.

Sannan ita iyakar ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta har zuwa Maris 2024. A Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, ta naɗa masu riƙo a madadinsu, sannan Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025. Hukumar 1971 da yarjejeniyar Maiduguri ba a ƙarƙashin CEDEAO aka ƙulla su ba, don haka ficewar ba ta shafe su ba. Zaɓaɓɓun majalisun da ake sa ran za su kai kukan Ƙonni da Tajaye gabanta su ne aka rushe.