Amanawa: Lokacin da Turawan Mishan Suka Ɗaure Kaya

A zamanin En'e, idan kuturta ta kama mutum a Mandera, ko a wani ƙauyen ƙasar Boɗinga da Shagari, aka gama jiƙe-jiƙen gida ba a ga sauƙi ba, sunan da za a ambata masa shi ne Amanawa. Garin yana kusa da Dange da Shuni, a kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau, kuma nan ne asibitin kutare na Lardin Sakkwato. Masu aikin wurin Turawan mishan ne na ƙungiyar SIM, abin da ke ba mutane mamaki idan suka tuna cewa a tsakiyar Daular Usmaniyya ake magana.

Yadda aka yi suka shigo yana da tarihi. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addini ba, don haka shekaru da dama ba a barin mishan ta kafa tasha a yawancin masarautun Musulmi. Ita SIM tun 1893 take neman hanya, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko. Biyu na farko ba su shekara biyu ba zazzaɓi da ciwon ciki suka kashe su. Abin da wa'azi bai buɗe ba, kuturta ta buɗe. Wajen 1937, a zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, aka danƙa wa SIM asibitocin kutare a manyan masarautu: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. En'e ta ba da fili da tallafin kuɗi, mishan ta kawo likita da nas-nas. Albert Helser, wanda ya taɓa aiki a Garkiɗa, shi ya ja gaba a wannan fanni.

Maganin farko azaba ce. Man wata itaciyar ƙasar Indiya ake ɗurawa da allura a cikin tabon fata, huda bayan huda, wurin ya kumbura. Malamin asibiti kan sa majinyaci ya rufe ido, ya shafa masa auduga a kan tabon, ya ce ya nuna inda ya ji. In bai ji komai ba, an san cutar ta ci jijiya. Wanda tafin ƙafarsa ya mutu yakan taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, sai gyambo ya fito. Daga ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta zo ta canja komai. Magani ya zama abin haɗiya, ana iya raba shi a ƙananan asibitocin ƙauye, mutum ya sha ya koma gonarsa. A ganina tun daga nan aikin Bature ya fara ƙarewa, domin ƙwaya ba ta bukatar wanda ya taso daga ƙasar waje kafin a miƙa ta.

Sauran kuwa siyasa ta ƙarasa. An kafa ikilisiyar ECWA a 1954 don 'yan ƙasa su riƙe majami'unsu. Bayan yaƙin basasa, kuɗin mai ya shigo, gwamnatocin soja suka ga ba dalilin barin makarantu da asibitoci a hannun baƙi, suka shiga karɓewa. Asibitocin kutare na Arewa ma suka koma hannun gwamnati a shekarun 1970. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, SIM ta miƙa ragowar ayyukanta na Nijeriya ga ECWA.

Ba a nan kaɗai ake muhawara kan tafiyar 'yan mishan ba. A 1971 wani limamin Kirista na Kenya, John Gatu, ya yi kira da a dakatar da turo 'yan mishan da kuɗinsu zuwa Afirka na wasu shekaru, ikilisiyoyi su koyi tsayawa da ƙafarsu. Byang Kato, ɗan ECWA daga ƙasar Kwoi, bai yarda da haka ba. Ya rasu a teku a Mombasa a 1975, muhawarar ba ta ƙare ba.

A wancan zamanin, SIM ƙungiya ce da ba ta yi wa ma'aikatanta alkawarin tsayayyen albashi. Abin da masu taimako suka aiko shi ake rabawa, kuma suna kiran wannan dogara ga Allah. Babu shakka barin wurin da mutum ya tsufa yana wanke gyambo, wani ma ya binne ɗansa a ƙasar, ba ƙaramin abu ba ne. Amma Bature yana da jirgin da zai hau da garin da zai koma. Wanda jarrabawar ta fi shafa shi ne wanda aka bari: majinyacin da aka ba takardar sallama amma dangi suka ƙi cin tuwo da shi, da 'yan tsirarun da suka karɓi Kiristanci a asibiti, waɗanda komawa ƙauye ta yi musu wuya ninki biyu. Irin waɗannan ne suka gina bukkoki a gefen asibiti, suka yi aure a junansu, Musulminsu da Kiristansu suna cewa Allah na nan.

Maganin da ya karya lagon cutar sosai, wato haɗa ƙwayoyi biyu ko uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980, bai iske Turawan SIM a Amanawa ba. Ma'aikatan gwamnati ne suka raba shi, daga baya wata ƙungiyar, The Leprosy Mission, ta shigo da tallafi. Asibitin yanzu na cututtuka masu yaɗuwa ne, kuma da annobar korona ta zo a 2020, can gwamnatin jiha ta keɓe don killace masu ɗauke da ita.