Gidan Ɗan Hausa Bayan Tafiyar Mai Gida

Duk wanda ya ratsa Nassarawa GRA a yau zai ga tsofaffin gidaje na faɗuwa, filaza da otal na tsirowa a gurbinsu. A tsakiyar wannan rububi akwai gidan ƙasa guda da ya haura shekara ɗari a tsaye: Gidan Ɗan Hausa.

Laƙabin na Hanns Vischer ne, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. A 1909, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a nan Nassarawa, kuma a wannan gida ya zauna. Ƙa'idojin rubutun Hausa da ya fitar a 1912 na cikin tushen bokon da muke rubuta wannan maƙala da shi, ko muna ƙaunar mutumin ko ba ma yi.

Wasu cikinmu na kallon gidan a matsayin ragowar mulkin mallaka. Suna da hujja. Sai dai hannun da ya cura tubalin, ya jera azara, ya ɗaga bakan gizo, ya tsayar da zankwaye, na maginan Hausawa ne. Bature ya tafi, aikinsu ya zauna.

Abin da ya cece shi shi ne bai zama kango ba. Yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ɗakunansa sun koma wurin nuna kayan tarihi da na sana'o'in gargajiya, kamar yadda Gidan Makama na cikin birni ya koma gidan tarihi.

Amma sabon aiki da nasa buƙatun: wayar lantarki, fitilu, akwatunan gilashi, magudanar ruwa. A nan ne mai zanen gini na zamani kan taimaka ko ya yi ɓarna. Ya shirya hanyar baƙi da haske yadda ya so, ba laifi. In ya shafe laka da siminti kuwa, danshi zai maƙale a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ta inda ido ba ya gani. Makuba da laso gidan ya sani, su kuma maginan da suka iya haɗa su sai raguwa suke yi, damina kuwa ba ta fashi.