Daga Ayarin Gwanja Zuwa Jirgin Abuja: Tarihin Nema da Zaman Iyali

Hausawa suna da karin magana biyu da suka daɗe suna ja-in-ja: zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk magidancin da aka taɓa yi wa tayin aiki mai tsoka nesa da iyalinsa ya san nauyin kowannensu. In muka waiwaya, za mu tarar kakanninmu sun fi mu doguwar tafiya, amma zaɓin bai yi musu tsananin da yake yi mana ba.

A ƙarni na 19, fatake daga Kano da Katsina kan haɗa ayari su nufi Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau. Jakuna na ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Madugu na jan ragama, zango bayan zango, tafiya da dawowa ta ci watanni, wani sa'in shekara guda. Sai dai falke ba ya barin iyalinsa cikin maraici. Gida na gandu ne: tsoho na zaure, ƙanne na gona, rumbu ɗaya ake ɗiba, yaron da ubansa ke Gwanja kuma yana da baffan da zai tsawata masa. Wanda ba shi da jarin fatauci sai ya jira kaka ta wuce ya tafi cin rani, yana ga-ruwa, ko dako, ko yankan farce. Shi kuwa damina ce alƙalinsa. Da hadari ya fara haɗuwa, zai ɗaure ƙunshinsa ya nufi gida.

Zuwan Turawa ya fara kwance wannan tsari. Haraji ya koma sai da tsabar kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja. Wasu sun samu sauƙi, irin su Alhassan Ɗantata wanda ya yi fataucin goro kafin ya zauna a Kano ya zama babban dillalin gyaɗa. Wasu kuwa neman kuɗin haraji ya kai su haƙar kuza a Jos, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma har da tilas aka riƙa kwasar mutane zuwa can. Daga Nijar samari suka yi ta kwarara Kumasi da Akara, da yawa suka yi aure a zango suka zauna, har korar baƙi da Gana ta yi a 1969 ta komo da wasunsu garuruwan da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba.

Babban juyi ya zo ne da aikin albashi. Da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, sannan masana'antun Bompai da Sharaɗa suka bunƙasa a Kano, sai agogo ya karɓi matsayin damina. Injin bai san shuka ba, bai san girbi ba. Ma'aikacin gwamnati kuma yana tafiya duk inda takardar canjin wurin aiki ta jefa shi. Duk da haka, a zamanin arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974, mutum kan ɗauki matarsa da 'ya'yansa su tare a kwatas. An samu kusanci, amma an bar gandu a baya, nauyin da mutum goma ke ɗauka ya dawo kan miji da mata kaɗai.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashi ɗaya ya daina riƙe gida. Malamin makaranta ya tashi aiki ya hau acaɓa, mata suka ƙara fita aikin asibiti da koyarwa. Da aka mai da babban birnin tarayya Abuja a 1991, tsadar haya ta haifar mana da maigidan ƙarshen mako: iyali a Kaduna ko Kano, shi a ɗaki ɗaya a Nyanya ko Suleja, ya kama hanya Juma'a da yamma, ya juyo Lahadi. Wayar salula daga 2001 da jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016 sun rage nisa, amma ba su kai yaro asibiti da tsakar dare ba.

Gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da aka yi wa haihuwa a 2021, alamar an fara gane cewa lokacin uba ma haƙƙi ne. Amma cire tallafin man fetur a 2023 ya sa mai zuwa gida duk mako ya koma duk wata. Shi ya sa mai auna tayin aiki a yau bai kamata ya tsaya kan albashi ba. Sai ya cire kuɗin mota da hayar gida biyu, sannan ya tambayi kansa abin da falke bai taɓa buƙatar tambaya ba: wa zai tsaya wa yara in ba na nan, kuma yaushe wannan tafiyar za ta ƙare?