Ko Buhun Hatsi Kan Kashe Gaba Tsakanin Maƙwabta?

Duk wanda ya tashi daga Karaye ya bi ta Rogo ya nufi Ɗanja ko Funtuwa cin kasuwa, da wuya ya lura da inda ƙasar Kano ta ƙare ta Katsina ta fara. Gona na bin gona, harshe ɗaya, ga auratayya ta riga ta sarƙe jama'a. Amma da za a mai da mu baya shekara ɗari huɗu, wannan yanki da muke ratsawa hankali kwance fagen daga ne tsakanin Kanawa da Katsinawa. Abin da ya sa muka waiwayi wannan tarihi shi ne wata muhawara da ta daɗe tsakanin masana harkar jakadanci. Wasunsu na ganin idan bala'i ya auka wa wata ƙasa, kamar yunwa ko ambaliya ko girgizar ƙasa, abokiyar gabarta kuma ta kai mata agaji, to an kama hanyar sulhu ke nan. Wasu kuwa suka ce tausayin da bala'i kan haifar ɗan lokaci ne, da zarar an share hawaye kowa zai koma kan bakansa. Mu a ganinmu, tarihin ƙasarmu yana da abin cewa a wannan magana.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, masifu sun haɗu wa Kano. Kwararrafa sun kawo hari daga kudu har mutane suka fice daga birni, sa'an nan aka yi yunwa ta shekara 11, Katsinawa kuma ba su daina kai farmaki ba. Mai karatu zai yi zaton irin wannan wahala za ta sa maƙwabtan biyu su ajiye makamai, tun da fari ba ya sanin iyaka. Ba haka aka yi ba. Sarki Zaki ya fita ya gwabza da Katsinawa ya ci nasara, amma bai koma birni ba, a Karaye ya rasu. Magajinsa Muhammadu Nazaki, da ya hau a 1618, ya aika Katsina neman sulhu aka ƙi, aka kuma sake karawa a nan Karaye, Kanawa suka yi rinjaye. Daga baya Wambai Giwa, wanda ya faɗaɗa ganuwar Kano, ya tare a Karaye yana kai wa Katsinawa hari ba ƙaƙƙautawa. Sarki Kutumbi ma a sanadin yaƙin Katsina ya rasa ransa a 1648.

Sulhu bai samu ba sai a zamanin Sarki Shekarau, tsakanin 1649 da 1651, wato fiye da shekara 30 bayan waccan doguwar yunwa. Waɗanda suka ƙulla shi kuwa malamai ne, littafin ya ambaci Shehu Ataman da Malam Bawa da Liman 'Yandoya. Mutane ne da ɓangarorin biyu suke jin kunyarsu, suke kuma tsoron bakinsu. Darasi na farko ke nan da Karaye ta koya mana: yunwa ita kaɗai ba ta raba faɗa, sai an samu masu shiga tsakani waɗanda ake ganin girmansu.

Bari mu matso kusa. A ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga ya kawo wa ƙasar Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu. Ba a yi shekara 20 ba aka shiga yunwar nan ta 1913 zuwa 1914, wadda kakanninmu suka sa wa suna Kakalaba. A lokacin Turawa sun riga sun ja iyaka, Ingila ta riƙe kudu, Faransa ta riƙe arewa. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa ƙasar Kano neman abin sawa a baka, alhali su ma Kanawan suna cikin halin ni-'yasu, kuma mutane masu ɗimbin yawa sun mutu a wannan shekara. Babu wata yarjejeniya da sarakuna suka sa wa hannu a kan haka. Tsofaffin hanyoyin fatauci da na almajiranci da na cirani su ne mayunwata suka bi, domin talakawan ƙasashen biyu ba su taɓa yanke hulɗa ba ko a lokacin da sarakunansu ke yaƙi.

Bayan samun mulkin kai, wannan tsohuwar dangantaka ta koma hannun gwamnatocin Nijeriya da Nijar. Shugaba Diori Hamani ya goyi bayan gwamnatin tarayya a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, a 1971 kuma ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Saboda haka da babban farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya zo, ya tarar da hanya a buɗe. Sai dai wannan fari ya nuna wata fuska ta agaji, domin a cikin dalilan da sojoji suka bayar na kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, a ƙarƙashin Seyni Kountché, har da zargin cewa manyan gwamnati sun yi sama da faɗi da abincin da aka aiko wa mayunwata. Ashe buhun agaji, in ya faɗa hannun da bai dace ba, yana iya kayar da gwamnati.

Shekara 10 bayan haka aka ga akasin abin da ya faru a baya. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a daidai lokacin da ake canjin kuɗi, ba a kuma buɗe su ba sai a Maris 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Rufewar ta zo daidai da mummunan farin 1984, lokacin da mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suka fi bukatar hatsin kasuwannin Kano da Katsina da kuma kuɗin cirani. Gwamnati tana da nata dalilan na tattalin arziki, amma talakan Nijar bai duba wannan ba, sai ya laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Mu Hausawa mun saba raɗa wa yunwa suna, kamar 'Yar Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942, kuma sunan kan daɗe bayan waɗanda suka ga abin sun shuɗe. Darasi na biyu ke nan: ana iya mance wanda ya ba da mudu, amma wanda ya rufe ƙofa ranar yunwa ba a mance shi.

To, yaya abin yake a sauran duniya? Misalin da masu ra'ayin farko suka fi kafa hujja da shi shi ne na Girka da Turkiyya. Waɗannan maƙwabta sun daɗe ba sa ga-maciji, har a 1996 saura ƙiris su gwabza a kan wasu 'yan tsibirai da ba kowa a cikinsu. Ranar 17 ga Agusta 1999 girgizar ƙasa ta auka wa yankin Izmit na Turkiyya, ta hallaka mutum fiye da 17,000, Girka kuma tana cikin ƙasashen farko da suka aika da masu ceto da magunguna. Ranar 7 ga Satumba, mako uku kacal bayan haka, sai ga girgizar ƙasa a Atina, babban birnin Girka, inda mutum 143 suka mutu, Turkiyya ta rama alheri. A watan Disamba na wannan shekara, a taron Helsinki, Girka ta janye adawarta, aka karɓi Turkiyya a matsayin mai neman shiga Tarayyar Turai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, George Papandreou da Ismail Cem, sun riga sun fara tattaunawa makonni kafin ƙasa ta girgiza. Agajin ya sassauta zukatan jama'a ne, ya ba shugabanni damar yin abin da da ma suke son yi ba tare da an kira su maciya amana ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu ɗaya ra'ayin kuma sukan nuna Indiya da Pakistan. Girgizar ƙasar Kashmir ta 8 ga Oktoba 2005 ta kashe fiye da mutum 70,000, galibinsu a ɓangaren Pakistan. Indiya ta aika da kayan agaji, aka kuma amince a buɗe mashigai 5 a kan layin da ya raba yankin. Amma rikicin Kashmir yana nan inda yake, harin da aka kai Mumbai a Nuwamba 2008 kuwa ya tsayar da tattaunawar baki ɗaya. Haka nan a Satumba 2023, da girgizar ƙasa ta auka wa Maroko, Aljeriya ta buɗe sararin samaniyarta ga jiragen agaji ta kuma yi tayin taimako, alhali ta yanke hulɗa da Maroko tun 2021. Maroko ba ta karɓi tayin ba. Inda babu wata magana a ƙasa, karɓar taimakon abokin gaba kan zama kamar amsa cewa an gaza, ba kowane mai mulki ne kuma zai iya haɗiye wannan ba.

Mu dawo gida. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba ta, har aka fara maganar yaƙi. Motocin hatsi da na albasa suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, wahalar kuma ta faɗa kan talakawan ɓangarorin biyu. Su wa suka fara samun ganin Janar Tiani a lokacin da jakadu suka kasa? Khalifa Muhammadu Sanusi na II ya gana da shi ranar 9 ga Agusta, bayan 'yan kwanaki tawagar malamai a ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ta isa Yamai, sa'an nan Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka samu zama da shi. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, ta ce don jinƙai ne, a Maris kuma Nijeriya ta buɗe iyaka. Duk da haka Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. An kauce wa yaƙi, amma tabon rufe ƙofa bai warke nan take ba. Wanda ya san labarin Sarki Shekarau ba zai yi mamakin ganin rawuna a gaba wajen wannan sasanci ba.

Idan muka haɗa waɗannan misalai, za mu ga kowane ɓangare na masanan yana da rabin gaskiya. Agaji kan ƙarfafa sulhun da aka riga aka ɗaura wa harsashi, ba ya ƙirƙiro shi daga babu. Hana shi kuwa kan haifar da gabar da ba a da ita a da. Saboda haka aikin da ya fi muhimmanci ana yin sa ne tun kafin bala'i ya zo, wato ziyara da ciniki da karatu da auratayya, abin da magabata suka dunƙule da cewa zumunta a ƙafa take.

A nan ne muke da kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Ɗalibanmu da yawa a Karaye da Rogo ba su san cewa wani Sarkin Kano ya rasu a garinsu a bakin daga ba. Abin da duniya ta sani game da rayuwar Zarewa ta ƙasar Rogo kafin zuwan Turawa, da hare-haren masu kamun bayi da yadda ake fansar dangi, daga bakin tsohuwa ɗaya aka same shi, wato Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa aka buga a 1954. Har yanzu akwai dattawa a ƙauyukanmu da suka ga farin 1973 da na 1984, suka san wanda ya sauki baƙo da wanda ya ɓoye rumbu, suka san iyalan da suka zo cirani daga arewa suka zama 'yan gari. Kowace damina muna rasa wasu daga cikinsu. Ya kamata mu ɗauki alƙalami da takarda mu je mu zauna da su tun suna raye, mu rubuta abin da suka gani da sunayen da suka raɗa wa shekarun, domin masu mulkin gobe su karanta kafin su ba da umarnin rufe wata iyaka.

Allah Ya kiyashe mu da fari da yunwa, Ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.