Pikilbol: Wasan da ke takarar fili da tanis a Amurka

A shekarar 2019 Amurkawa kimanin miliyan 3.5 ne ke buga wasan pikilbol. Zuwa 2024 adadin ya kai miliyan 19.8, bisa ƙididdigar SFIA, ƙungiyar kamfanonin kayan wasanni da motsa jiki ta Amurka, wadda ta yi shekara huɗu a jere tana bayyana shi a matsayin wasan da ya fi kowanne saurin yaɗuwa a ƙasar. Wannan ya sa wasu suka fara yi wa tanis ta'aziyya tun yana raye. Sai dai alƙaluma sun nuna cewa masu buga tanis su ma ƙaruwa suka yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fili, kuma a kansa ake ja-in-ja a majalisun birane da tarukan unguwanni, wani lokaci har gaban alƙali.

Asalin wasan

An ƙirƙiro pikilbol a lokacin zafi na 1965 a tsibirin Bainbridge, kusa da birnin Seattle a jihar Washington. Joel Pritchard, wanda a lokacin ɗan majalisar jiha ne, kafin daga baya ya je majalisar wakilai ta tarayya ya kuma zama mataimakin gwamna, shi da abokinsa Bill Bell suka nemi abin da zai ɗauke wa iyalansu kewa. Akwai tsohon filin badminton a gidan, amma kayan wasan ba su cika ba. Sai suka ɗauko faifan buga ƙwallon tebur da wata ƙwallon roba mai huji-huji, suka sauke ragar ƙasa-ƙasa. Maƙwabcinsu Barney McCallum ya shigo cikin lamarin, su ukun suka tsara dokokin farko.

Game da sunan, riwaya biyu ce. Ta farko ta ce matar Pritchard, Joan, ta aro shi daga tseren kwale-kwale, inda ake yi wa jirgin da aka haɗa masa matuƙa daga ragowar waɗanda ba a zaɓa ba laƙabi da "pikil", tunda shi ma wasan tsintar kayan wasu wasanni aka yi aka haɗa shi. Ta biyu ta ce sunan karen gidan ne, Pickles. An yi gasa ta farko da aka sani a 1976 a garin Tukwila, aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa a 1984, sannan a 2022 jihar Washington ta ayyana shi a matsayin wasanta na hukuma.

Yadda ya bambanta da tanis

Filin pikilbol tsawonsa mita 13.4 ne, faɗinsa mita 6.1, daidai da na badminton. Na tanis kuwa mita 23.8 ne a tsaye, kusan mita 11 a kwance idan bibbiyu ake bugawa. Maimakon raket mai zare, faifai ake riƙewa mai tauri, ƙwallon kuma ta roba ce mai huji tsakanin 26 zuwa 40, ba ta gudu kamar ta tanis.

Dokoki uku ne suka fi raba wasannin biyu. Bugun farko daga ƙasa ake ɗago shi, saboda haka babu irin rugugin bugun sama da ake shekaru ana koyo a tanis. Na biyu, dole ƙwallon ta taɓa ƙasa sau ɗaya a kowane ɓangare kafin a fara tare ta a sama. Na uku, akwai wani yanki mai zurfin mita 2.1 a kowane gefen raga da 'yan wasan ke kira kicin, wanda ba a yarda mutum ya tsaya a cikinsa ya bugi ƙwallo tun tana sama ba. Galibi wanda ya riga kai maki 11 da ratar biyu shi ya ci, kuma a tsarin asali ɓangaren da ke da bugun farko ne kaɗai ke samun maki.

Waɗannan dokoki sun rage wa ƙarfi da tsawo tasiri. Sabon shiga na iya fara musayar ƙwallo tun ranar farko, kaka kuma na iya karawa da jikanta ba tare da an yi mata alfarma ba.

Abin da alƙaluma ke cewa

Ƙididdigar SFIA ta tafi kamar haka: miliyan 4.2 a 2020, miliyan 4.8 a 2021, miliyan 8.9 a 2022, miliyan 13.6 a 2023, sai miliyan 19.8 a 2024. A ɓangaren tanis, hukumar wasan ta Amurka, USTA, ta ce masu bugawa sun tashi daga miliyan 17.7 a 2019 zuwa miliyan 25.7 a 2024. Ke nan har zuwa wannan shekarar tanis ne ke gaba a yawan jama'a, pikilbol kuma ke gaba a saurin hawa. Tazarar da ta haura miliyan 14 a 2019 ta dawo ƙasa da miliyan 6 cikin shekara biyar.

Ya kamata mai karatu ya lura da bakin da kowane adadi ya fito. Wani bincike da APP, ƙungiyar shirya gasannin ƙwararrun pikilbol, ta sa aka yi ya ce manya miliyan 36.5 ne suka buga wasan tsakanin Agustan 2021 da Agustan 2022, wato ninki huɗu na abin da SFIA ta samu a kusan lokaci guda. Ko a lissafin SFIA, wanda ya buga sau ɗaya a shekara yana ciki, kuma masu bugawa jefi-jefi sun fi waɗanda suka riƙe wasan yawa. Duk masu fitar da waɗannan adadi suna da abin da za su samu idan sun yi kauri: ɗaya na wakiltar masu sayar da kaya, ɗaya na neman masu ɗaukar nauyin gasa, ɗaya na kare filayenta. Da irin waɗannan lambobi ake zuwa gaban kansiloli a nemi fili da kasafi.

Wata shaida daga wajen ɓangarorin ita ce ta binciken lafiyar zuciya da kamfanin Apple ke gudanarwa ta agogon hannunsa. A watan Yulin 2023, karon farko, masu buga pikilbol sun zarce masu buga tanis a cikin mahalarta binciken. Wannan ma bai wakilci ƙasar duka ba, domin masu wannan agogo ne kaɗai ke ciki.

Dalilan yaɗuwarsa

Shekaru da dama wasan ya zauna ne a unguwannin masu ritaya na jihohin Florida da Arizona, har ana yi masa kallon wasan tsofaffi. Annobar korona ce ta fito da shi. Da aka rufe gidajen motsa jiki a 2020, mutane suka nemi abin yi a sarari, shi kuwa pikilbol raga mai naɗewa da alli sun isa a kafa filinsa a kan kwalta ko a ƙofar gareji. Yanzu 'yan shekara 25 zuwa 34 ne rukuni mafi girma a cikin masu buga shi, a cewar SFIA.

Akwai kuma al'adar da ta ginu a filayen gwamnati, inda mutum zai zo shi kaɗai ya ajiye faifansa a layi, idan aka zo kansa a haɗa shi da duk wanda ya tarar. Tanis na buƙatar abokin wasa mai ƙwarewa daidai da taka, da alƙawarin lokaci. A ƙasar da babban jami'in lafiyarta ya fitar da gargaɗi na musamman kan kaɗaici a 2023, wannan sauƙin haɗuwa da mutane ba ƙaramin jari ba ne.

Sauƙin yana da nasa farashi. A 2023 manazarta a bankin UBS sun ƙiyasta cewa raunukan pikilbol za su ci wa Amurkawa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 500 a kuɗin asibiti a wannan shekarar, galibi na targaɗe da karaya a tsakanin masu manyan shekaru.

Rikicin fili

Lissafin da ke gaban kowane jami'in kula da wuraren shaƙatawa mai sauƙi ne. Filin tanis ɗaya da kewayensa na iya ɗaukar filayen pikilbol har huɗu. Inda mutum huɗu ke wasa, sai a samu goma sha shida. Fenti da raga kuma sun fi sayen fili da zuba kankare araha nesa ba kusa ba. Wani rahoto da SFIA ta fitar a 2023 ya ce sai an kashe kimanin dala miliyan 900 wajen gina sababbin filaye kusan 25,000 kafin a biya buƙatar masu wasan. Da yake ƙananan hukumomi ba su da wannan kuɗi a hannu, da yawansu suka bi hanya mai sauƙi, aka zana layukan pikilbol a kan filayen tanis ko aka mayar da su gaba ɗaya.

Masu tanis na da hujjarsu. Mafi yawan tanis ɗin da ake bugawa a Amurka a filayen jama'a ake yin sa, kuma ta nan ne 'ya'yan marasa hali suka shiga wasan da aka daɗe ana ganin na masu kuɗi ne. Arthur Ashe ya fara ne a filin da aka keɓe wa baƙar fata a birnin Richmond zamanin wariya. Venus da Serena Williams a filayen gwamnati na Compton mahaifinsu ya horar da su. Mai kuɗi idan aka juya filin unguwarsa zai koma kulob, yaron da ba shi da kuɗin rajista kuwa ya rasa ke nan.

Ba masu tanis kaɗai abin ya shafa ba. A ƙarshen 2022 hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin New York ta hana buga pikilbol a filin wasan yara na Seravalli, bayan iyaye sun yi ƙorafin cewa manya sun mamaye wurin sun kori yara.

Ƙarar da ke hana maƙwabta sakat

Haɗuwar faifai mai tauri da ƙwallon roba na fitar da wani sauti mai kaifi. Masu auna sauti na cewa yakan kai kusan desibel 70 daga nisan mita 30, alhali na tanis bai wuce kusan 40 ba. Da yake kunne na jin duk ƙarin desibel 10 tamkar an ninka ƙara, bambancin na da yawa, balle filaye huɗu na aiki tun safe har dare.

A watan Janairun 2023 majalisar birnin Lake Oswego a jihar Oregon ta rufe filayen pikilbol na lambun George Rogers saboda koken maƙwabta. A watan Maris na shekarar, birnin Centennial a Colorado ya dakatar da gina sababbin filaye a kusa da gidaje na wata shida. A Falmouth ta jihar Massachusetts kuwa maƙwabta kotu suka kai hukumar garin. Wannan ya buɗe wata kasuwar, ta shingen tare sauti da faifai marasa ƙara, ya kuma tura wasan cikin gine-gine: manyan kantunan da suka durƙushe a cibiyoyin kasuwanci an mayar da wasunsu filayen haya. Wanda ya shiga irin waɗannan wurare biya yake yi, saɓanin filin gwamnati da wasan ya yi suna a kansa.

Inda kuɗin yake

Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. An kafa gasar ƙungiyoyi ta Major League Pickleball a 2021, kuma kafin ƙarshen 2022 LeBron James da Tom Brady da Kevin Durant sun sayi hannun jari a ƙungiyoyinta, haka ma taurarin tanis irin su Naomi Osaka da Kim Clijsters. A 2024 gasar ta haɗe da abokiyar hamayyarta PPA Tour bayan gasar farautar 'yan wasa da ta jigata ɓangarorin biyu. Tsofaffin 'yan tanis kamar Jack Sock da Eugenie Bouchard sun koma pikilbol, Andre Agassi kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tallata shi. Taurarin da wasan ya haifa da kansa su ne Ben Johns da Anna Leigh Waters, wadda ta zama ƙwararriya tana da shekara 12.

Duk da haka, a fagen 'yan kallo tanis bai da tsara. Gasar US Open ta 2024 ta tara 'yan kallo fiye da miliyan ɗaya, ta raba kyautar dala miliyan 75, a 2025 kuma ta ɗaga zuwa miliyan 90. Pikilbol ya tara masu bugawa, amma har yanzu yana neman masu zama su kalla.

Martanin hukumomin tanis

A gasar Wimbledon ta 2024 Novak Djokovic ya yi gargaɗin cewa tanis na cikin haɗari a matakin kulob, domin masu wuraren na ganin juya filaye zuwa pikilbol ko padel ya fi riba. Padel wani wasan raket ne da ake yi a fili mai bangon gilashi, wanda ke yi wa tanis a Turai abin da pikilbol ke yi masa a Amurka. USTA ta shawarci birane su gina wa pikilbol filayensa daban, ta fito da wani nau'in tanis mai sauƙi da jar ƙwallo mai laushi a ƙaramin fili, ta kuma sa wa kanta burin kai 'yan wasa miliyan 35 nan da 2035. Hukumar tanis ta Ostireliya kuwa rungumar wasan ta yi, har ta shirya gasarsa a gefen Australian Open ta 2025.

A wajen Amurka

A duniya tanis ne ke da rinjaye. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta ƙiyasta masu buga shi da miliyan 106 a rahotonta na 2024, yana da hukuma ɗaya tun 1913, yana kuma cikin wasannin Olamfik. Pikilbol ya samu karɓuwa a Kanada da Ostireliya, yana kuma bunƙasa a Vietnam da Malesiya da Indiya. A Afirka an gabatar da shi a matsayin wasan nuni a gasar wasannin nahiyar da aka yi a Accra cikin Maris 2024.

Babban cikas ɗinsa shi ne shugabanci, domin ƙungiyoyi fiye da ɗaya sun yi ta iƙirarin su ne uwar wasan a duniya, kwamitin Olamfik kuwa da hukuma ɗaya yake hulɗa a kowane wasa. Lokacin da aka zaɓi wasanni biyar da za a ƙara a gasar Los Angeles ta 2028, kurket da sukwash sun samu shiga. Pikilbol bai samu ba, duk da cewa a ƙasar haihuwarsa za a yi gasar.