Shigar da bayanan gidaje da filaye daga jadawalin lissafi zuwa rumbun kimanta daraja

Sau da yawa akan buƙaci sanin darajar gida ko fili ba tare da an kai shi kasuwa ba. Magada suna son a raba gado bisa adalci. Banki yana son ya san abin da aka ba shi jingina kafin ya ba da bashi. Ma'aikatar haraji tana son ta san abin da za ta ɗora wa mai gida. Haka kuma idan hukuma za ta karɓi filin mutum domin hanya ko makaranta, sai an kimanta shi. A Nijar, dokar shekarar 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta tanadi a biya mai fili diyya ta adalci kafin a karɓe masa shi.

A da, dillali da maƙwabta da dattawan unguwa ne ke faɗin abin da suke gani. Har yanzu ana jin ta bakinsu, amma ofisoshi da dama a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna aiki da kwamfuta. Abin da ma'aikaci ya rubuta lokacin zagayen unguwa yana bi ta matakai biyu: da farko a zuba shi cikin jadawalin lissafi, daga nan a kwashe shi zuwa rumbun bayanai. A wannan kwasar ne kurakurai masu tsada suka fi shiga.

Jadawali da rumbu

Jadawalin lissafi kamar shafin littafin ɗan kasuwa yake, wanda aka ja wa layuka a kwance da a tsaye. Waɗanda ke kwance mu kira su layuka, waɗanda ke tsaye mu kira su ginshiƙai, inda suka haɗu kuma gurbi. Wanda aka fi sani shi ne Excel na kamfanin Microsoft, wanda ya fara fitowa a 1985. Akwai kuma LibreOffice Calc, wanda ake samu kyauta.

Jadawali mai sauƙin kai ne. Duk abin da aka rubuta a gurbi yana karɓa, ko lamba ce ko suna ko bayani mai tsawo. Rumbun bayanai ba haka yake ba. Tun daga farko an ƙayyade masa cewa wannan wuri na faɗin fili ne, lamba kawai za ta shiga. Wancan na ranar ciniki ne, kwanan wata kawai zai shiga. Saboda wannan tsanani nasa ne yake iya riƙe bayanan dubban gidaje, ya kuma fito da na unguwa guda cikin ƙiftawar ido. Amma tsananin yana da iyaka. Rumbu yana duba siffar abin da aka ba shi, ba ya duba gaskiyarsa. Idan an ce masa fili mai murabba'in mita 400 na da 40, zai karɓa, domin 40 ma lamba ce.

Abin da kuskure ɗaya ke jawowa

Masu kimanta daraja suna da manyan hanyoyi uku. Akwai lissafin abin da za a kashe a sake gina irin gidan yau, a cire abin da tsufa ya ci. Akwai lissafi daga kuɗin hayar da gidan ke kawowa. Ta uku, wadda aka fi amfani da ita ga filaye da gidajen zama, ita ce kwatanci: a dubi abin da aka sayar da makamantansa a kusa, a kwanan nan.

Ga misali na koyo, ba farashin wata unguwa ba ne. A ce an sayar da filaye uku. Na farko murabba'in mita 400 ne, an sayar sefa 2 000 000, wato kowane murabba'in mita ya kama 5 000. Na biyu 300 ne, an sayar 1 650 000, wato 5 500. Na uku 500 ne, an sayar 2 250 000, wato 4 500. Idan aka haɗa 5 000 da 5 500 da 4 500 aka raba uku, za a sami 5 000. Don haka fili mai murabba'in mita 600 a wannan wuri zai kai kimanin sefa 3 000 000.

Yanzu a ce sifiri ɗaya ya faɗi, fili na farko ya shiga rumbu a matsayin 40. Farashin murabba'in mitarsa zai zama 50 000, matsakaicin ukun ya haura zuwa 20 000, filin da ake kimantawa ya koma 12 000 000. Magajin da aka ba wannan fili a rabon gado zai ɗauka ya sami babban kaso, alhali ninki huɗu na darajarsa aka lissafa masa.

Akwai kuskuren da ya fi wannan ɓuya, kuma namu ne na gida. A kasuwanninmu da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1 000. Mai fili zai iya cewa ya sayar dala dubu ɗari huɗu, kuma gaskiya ya faɗa, sefa 2 000 000 ke nan. In ma'aikaci ya rubuta 400 000 a ginshiƙin sefa, murabba'in mita zai kama 1 000 kacal, matsakaici ya sauka, filin nan mai 600 ya dawo 2 200 000. Idan diyya ake biya, mai shi ya yi asarar sefa 800 000 ba tare da kowa ya yi niyyar cutarsa ba. Wannan lamba ba ta da girman da za ta ja hankali, shi ya sa take wucewa.

Gyaran jadawali kafin a kwashe shi

Ƙa'ida ta farko: layi ɗaya, gida ɗaya, ginshiƙi ɗaya, abu iri ɗaya. Layin farko na sunayen ginshiƙai ne kawai, kuma a rubuta ma'auni a cikin sunan, kamar “faɗi a murabba'in mita” da “farashi a sefa”. A cikin gurbin kuwa lamba tsura za a sa. Wanda ya rubuta “400 mita” ko “wajen miliyan biyu” ya mai da lamba ta zama magana, rumbu zai ƙi ta ko ya bar wurin wayam.

A mai da kowane faɗi zuwa ma'auni guda. Hekta ɗaya murabba'in mita 10 000 ce. A kula da kalmar eka: wani yana nufin hekta da ita, wani kuma, musamman a Najeriya, yana nufin ma'aunin Ingilishi wanda bai wuce murabba'in mita 4 047 ba. A garuruwan kan iyaka ya kamata a tambayi mai magana wacce yake nufi. Idan an ba da tsawo da faɗi, kamar 20 da 25, a sa kowanne a ginshiƙinsa.

Abubuwan da ke ƙawata jadawali ga ido su ne ke rikita rumbu. Gurabun da aka haɗe suka zama ɗaya, layin da aka bari ba komai don raba unguwa da unguwa, launin da aka shafa don nuna gidan siminti, duk ba sa ƙetarawa yadda ake so. Launi ba ya tafiya ko kaɗan. Sai a buɗe ginshiƙi a rubuta “siminti” ko “laka”. Layin jimla da ke ƙasa kuwa dole a cire shi, in ba haka ba zai shiga a matsayin wani ƙaton gida da babu shi a duniya. Inda ba a san farashi ba, a bar gurbin wayam. Kada a sa sifiri, domin sifiri na nufin an ba da gidan kyauta, kuma zai ja matsakaici ƙasa.

Kowane gida yana buƙatar lambar shaida wadda babu mai irinta. Sunan mai gida bai isa ba: masu suna ɗaya suna da yawa a unguwa guda, mutum ɗaya yana iya mallakar gida uku, kuma suna ɗaya ana rubuta shi Mahamadou a wata takarda, Mamadou ko Muhammadu a wata. A birane, inda aka yanka filaye, takardar fili tana ɗauke da sunan yankin da aka yanka, da lambar rukunin filaye wadda ake kira ilo, da alamar filin kansa. Haɗa ukun nan yana ba da shaida mai kyau. A karkara, dokar 1993 kan filayen karkara ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma takardun da suke bayarwa na saye ko gado ko kyauta suna da lambobin da za a iya dogara da su.

Waƙafi, ɗigo da kwanan wata

Galibi ba a ba rumbu jadawalin yadda yake. Ana adana shi a wata siffa mai suna CSV, wadda rubutu ne zalla: kowane layi na jadawali ya zama layin rubutu, wata alama kuma ta raba gurbi da gurbi. Kwamfutar da aka saita da Ingilishi tana rabawa da waƙafi. Wadda aka saita da Faransanci tana rabawa da waƙafi mai ruwa (;), domin a Faransanci waƙafi na da wani aiki: shi ke nuna gutsuren lamba. Ɗari biyu da hamsin da rabi, Bafaranshe zai rubuta 250,5, Ba'ingile ya rubuta 250.5. Haka 1,500 ɗaya da rabi ne ga wannan, dubu da ɗari biyar ne ga wancan. Ofishin da ke karɓar fayil daga kwamfutoci daban-daban dole ya tsai da tsari guda, ya sanar da kowa.

Kwanan wata ma haka. A wurinmu 03/04/2024 uku ga watan Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa huɗu ga watan Maris. Mafita ita ce a fara da shekara, sai wata, sai rana: 2024-04-03. Ranar ciniki ba ƙaramin abu ba ce, domin farashin shekaru goma da suka wuce ba ya auna na bana. Idan aka ga lamba kamar 45292 a wurin kwanan wata, ba lalacewa ba ce. Excel yana ƙirga ranaku daga farkon 1900, wannan lamba kuwa 1 ga Janairun 2024 ce.

Excel yana da karambani guda biyu da ya kamata a sani. Yana share sifirin farkon lamba, 0045 ta koma 45, yana kuma mai da abu kamar 3-4 kwanan wata. Maganin duka biyun shi ne a saita ginshiƙin lambar shaida a matsayin rubutu tun kafin a fara cikawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da wasulan Faransanci masu alama a ka, sukan rikiɗe su zama alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. A zaɓi tsarin UTF-8 wajen adanawa, sai su tsira.

Ranar shigarwa

Kafin a taɓa komai, a kwafi rumbun a ajiye gefe, a kuma ajiye jadawalin asali ba tare da an canza shi ba. Manhajar za ta nemi a nuna mata inda kowane ginshiƙi zai shiga. A natsu a nan, domin idan faɗin fili ya shiga wurin faɗin gini, duka biyun lambobi ne, babu gargaɗin da zai fito. Za ta kuma tambayi abin da za ta yi idan ta tarar da lambar shaidar da take da ita tuntuni: ta maye tsohon bayani, ko ta tsallake, ko ta ƙara sabo. Gidan da ya shiga sau biyu nauyinsa biyu ne a lissafin matsakaici.

Ya fi kyau a fara da layi goma ko ashirin, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gwada da takardun da aka cika a unguwa. In sun yi daidai, a tura sauran.

Bayan an gama, a ƙirga. Layi nawa ne a jadawali, nawa suka shiga, nawa aka ƙi? A 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiya ta Ingila ta rasa sakamakon gwajin mutane kusan 16 000 na wasu kwanaki, saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65 536. Abin da ya haura ya zube ba tare da sanarwa ba. Sabon tsarin, wanda ya zo a 2007, yana ɗaukar fiye da layi miliyan ɗaya, amma ƙirgar ba ta daina zama wajibi ba. A haɗa jimlar faɗi da jimlar farashi a ɓangarorin biyu a ga ko sun zo ɗaya. Daga nan a jera farashin murabba'in mita daga ƙarami zuwa babba, a dubi na can sama da na can ƙasa. A nan ne 50 000 da 1 000 na misalinmu za su fito fili a tsakanin ƴan'uwansu masu 4 500 da 5 500.

Wanda ake kimanta gidansa shi ma yana da abin yi, ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Ya nemi a nuna masa ko a karanta masa abin da aka rubuta: lambar filin, faɗinsa, irin ginin, yawan ɗakuna, da kuɗin da aka sa, a sefa ne ko a dala. Ya gwada da takardar da ke hannunsa kafin ya sa hannu. Idan ya ga bambanci, ya nemi a gyara a rubuce, a sa ranar gyaran, a kuma ba shi kwafi ya ajiye tare da takardar filinsa.