Tarar dala biyar: tarihin dokar gudu a Amurka da abin da ya shafe mu

Jiya da yamma na dawo daga ta'aziyyar wani abokin aikinmu da hatsarin motar haya ya yi ajalinsa. Ya bar mata da yara huɗu. A zaman makokin wani ya ce, "Ai da a Amurka ne, direba bai isa ya yi wannan gudun ba." Na yi shiru, amma gaskiya su ma sun daɗe suna kai-komo da wannan doka.

Amurka ba ta da dokar gudu guda ɗaya. Kowace jiha da tata, birane kuma suna yin tasu gwargwadon hurumin da jiha ta ba su. Jihar Konetikat ce ta fara yi wa motoci doka a 1901: mil 12 a awa cikin gari, mil 15 a bayan gari. Wato kusan kilomita 19 da 24, gudun da mai keke ma zai iya.

A 1973 ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka mai. Don tsimin fetur, a Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade mil 55, kusan kilomita 89, a duk faɗin ƙasar. Jihar da ta ƙi bi, a riƙe mata kuɗin titi na tarayya. Waɗanda suka mutu a hanya suka ragu daga kimanin 54,000 a 1973 zuwa kimanin 45,000 a 1974, duk da cewa ƙarancin tafiye-tafiye ma ya taimaka.

To, a nan labarin yake. Jihar Montana, mai faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a, ta karɓi dokar don kada kuɗi ya wuce ta, amma ta sa tarar dala biyar kacal ga wanda ya wuce ƙa'ida da rana. Laifin ma sunansa ɓarnar makamashi, kuma nan take ake biyan ɗan sanda a wuce. Ka ga an bi doka a takarda, an kashe ta a titi. Da aka soke dokar tarayyar a 1995, sai suka cire lamba gaba ɗaya da rana, wai kowa ya yi gudu daidai hankali. A 1998 kotun ƙolin jihar ta ce wannan ba doka ba ce, tunda direba bai san inda laifi ya fara ba. A 1999 dole suka dawo da lamba, mil 75.

A jihar Mizuri kuma akasin haka aka yi. Wani ƙaramin gari, Macks Creek, ya mayar da tarar direbobi babbar hanyar samun kuɗinsa, har jihar ta yi doka a 1995 ta ƙayyade abin da gari zai iya ci daga tara. A 2015 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta samu birnin Ferguson, a jihar dai, da mayar da 'yan sanda da kotu masu tara haraji, kuma baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Jama'a, mu ma ba doka muka rasa ba. Tun 1988 muke da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a 2017 kuma aka fara tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu. Amma idan hukunci yana ƙarewa da musabaha a gefen titi, Montana ke nan. Idan kuma aka ɗora wa jami'i adadin kuɗin da zai kawo duk wata, Macks Creek ke nan. Na shekara kusan ashirin a aikin gwamnati, na san yadda ofis yake komawa idan aka fara auna shi da kuɗin shiga.

Mu fasinjoji ma da namu laifin. Sau nawa muka ce wa direba ya taka, muna sauri? Ni kaina na faɗa, wallahi. Daga yau na daina, kuma idan direba ya wuce gona da iri zan yi magana, ko da 'yan mota za su harare ni.

Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu, Ya raya abin da ya bari, Ya tsare mu a hanya.